Yadda Ake Gwada Ganyen Shuka Don Gane Irin Takin da Gona Ke Buƙata

A ƙasar Zazzau, da zarar masara ta fara yin rawaya a watan Yuli, maganin da kowa ke ba ka ɗaya ne: ƙara mata yuriya. Sau da yawa shawarar tana ci, domin ƙasarmu ta tudu, daga Giwa zuwa Soba, daga Kudan zuwa Maƙarfi, ba abin da take rasawa kamar sinadarin naitirojin, sai fosfaros ya biyo baya. Amma akwai rawayar da ko buhu goma na yuriya ka zuba ba za ta sake ba, saboda ba naitirojin shukar ke nema ba. A tsadar taki ta yanzu, zuba shi bisa zato asara ce da manomi zai iya kauce mata. Hanyar kuwa ita ce a tambayi shukar kanta: a duba ta da ido, a yanki ganyenta a kai ɗakin gwaje-gwaje, sannan a karanta sakamakon da hankali. Awon ƙasa yana gaya maka abin da ke cikin ƙasa, gwajin ganye kuma yana gaya maka abin da shukar ta iya ɗauka. Ba kullum suke zuwa ɗaya ba.

Mataki na farko: shiga gonar, ka duba wane ganye ne ya canza

Kada ka tsaya a bakin hanya ka yanke hukunci. Shiga tsakiyar kunyoyi, ka durƙusa, ka lura ko tsofaffin ganyayen ƙasa ne suka fara lalacewa ko sababbin na sama. Wannan tambayar kaɗai tana raba matsalar gida biyu. Naitirojin, fosfaros, fotash da maganiziyam suna iya yawo a jikin shuka. Idan suka yi ƙaranci, sai ta kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo, kamar uwa da ke rage tuwonta ta ƙara wa yaro, don haka alamar takan fara daga ƙasa. Salfa, zinki da ƙarfe ba sa tashi daga inda suka zauna cikin sauƙi, shi ya sa ƙarancinsu ke bayyana a sabon ganye.

Ɗauki ganyen masara na ƙasa ka shimfiɗa a tafin hannunka. Idan rawayar ta faro daga tsinin ganyen ta bi jijiyar tsakiya tana tsukewa kamar bakin mashi, gefe da gefe kuma da sauran kore, naitirojin ne. Idan kuwa gefen ganyen ne ya ƙone ya bushe, tsakiyar tana nan kore, fotash ne. Ƙaramar masara da ta tsumbure, ganyenta ya yi duhu, gefensa ya yi ja-ja mai ruwan shuni, tana neman fosfaros, sai dai akwai irin masarar da haka jininta yake, don haka ka dubi maƙwabtanta kafin ka tabbatar. Zane-zanen rawaya a tsakanin jijiyoyin tsohon ganye alamar maganiziyam ce. Idan sabon ganye ya fito da farin ɗamara mai faɗi a gefen jijiyar tsakiya, gaɓoɓin karan kuma suka gajarce, zargi zinki. Idan dukan shukar ta koɗe, amma sabon ganye ya fi tsoho rawaya, salfa ce, kuma ita ce aka fi rikitawa da naitirojin.

Kafin ka ɗora wa yunwa laifi, ka kori sauran waɗanda ake zargi. Wuta-wuta tana tsotse masara da dawa tun tana ƙarƙashin ƙasa, kafin furenta ya fito kowa ya gani. Ruwan da ya kwanta a kwarin kunya lokacin marka yana shaƙe saiwa, shukar ta yi rawaya ko da taki na nan a gindinta. Akwai cutar da ke zana wa ganyen masara siraran layuka masu yankewa, wadda wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, da yawa kan ɗauka ƙarancin abinci ne. Tsutsar nan da ta shigo Nijeriya a 2016 kuwa ba ta ɓuya, za ka ga huji da kashinta a cikin kunnen masarar. Tuge shuka ɗaya ko biyu ka dubi saiwar. Fara ce mai yawan gashi, ko baƙa ce guntuwa mai wari? Taki ba ya gyara ruɓaɓɓiyar saiwa.

Ga waken suya, wake da gyaɗa akwai ƙarin abu guda. Tuge a hankali, ka nemi ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, ka fasa ɗaya da farce. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana aiki, shukar tana samar wa kanta naitirojin daga iska. Idan fari ne ko kore, ko babu ƙulle-ƙullen gaba ɗaya, ka san daga ina rawayar take.

To, idan ido na gani haka, me ya kai mu ɗakin gwaji? Saboda kafin alama ta fito fili an riga an yi asarar wani ɓangare na amfanin. Shuka takan daɗe tana fama da ƙaranci tana kore shar, sai ranar girbi buhuna su ƙi cika. Ban da haka, idan abu biyu suka yi ƙaranci tare, alamominsu sukan cakuɗe har ƙwararren malamin gona ya rasa na kamawa.

Mataki na biyu: je ka yi magana da masu gwajin kafin ka yanki ko ganye ɗaya

Mu a Zariya abin ya zo mana gida. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tushenta ya koma 1922, inda aka fitar da irin masara na SAMMAZ da dawar SAMSORG da gyaɗar SAMNUT da muke shukawa. Akwai sashen nazarin ƙasa na jami'ar, akwai kuma NAERLS mai kula da isar da bincike ga manoma. Je da kanka, ko ka bi ta hannun malamin gona na yankinku. Tambayi waɗanne sinadarai suke iya aunawa a lokacin, nawa ne kuɗin kowanne, kwana nawa sakamako ke ɗauka, kuma a wane hali suke son samfurin, ɗanye ko busasshe. Tambayar kwanakin ita ce babba, domin sakamakon da ya fito bayan lokacin zuba taki ya wuce ba zai taimaki shukar bana ba. Idan aljihu bai kai a auna komai ba, ka ce a yi naitirojin, fosfaros da fotash, in da hali a ƙara salfa da zinki. Manoman ƙungiya ɗaya da gonakinsu ke jere a ƙasa iri ɗaya suna iya haɗa kuɗi su raba nauyin.

Mataki na uku: lokaci da ganyen da ake yanka

Nan ne yawancin gwaji ke lalacewa. Na'ura ba ta san daga ina ganye ya fito ba, abin da ka ba ta shi za ta auna. Yawan sinadari a jikin shuka yana sauka yayin da take girma, kuma ganyen sama da na ƙasa ba ɗaya ba ne. Ma'aunin da za a kwatanta sakamakonka da shi an gina shi ne a kan takamaiman ganye a takamaiman lokaci. Ka kuskure ɗaya, lambobin sun zama na banza.

Masara tana da lokuta uku. Idan ba ta wuce tsawon santimita 30 ba, wato ba ta kai gwiwa ba, ana yanke dukan shukar ne daga ɗan sama da ƙasa, guda 20 zuwa 30. Daga nan har zuwa kafin ta fitar da kai, ana ɗaukar ganyen farko da ya gama buɗewa a ƙarƙashin kunnen da ke naɗe, daga shuka 15 zuwa 25. Idan ta yi goyo gashin ya fito, ana ɗaukar ganyen da ke gindin goyon, shi ma 15 zuwa 25, tun gashin yana ɗanye bai yi baƙi ba. Ga irin masara mai matsakaicin kwanaki, wannan yakan zo wajen wata biyu bayan shuka. Da gashi ya bushe, bar shi, lokaci ya wuce.

Na farko da na biyu su ne za su iya ceton amfanin bana, domin sakamakonsu zai iya riskar zubin yuriya na mako huɗu zuwa shida. Na uku ya fi kowanne ba da amsa mai inganci, amma amfaninsa na baɗi ne: zai gaya maka ko tsarin takinka na bana ya ƙosar da masarar. A ganina wanda zai iya gwaji ɗaya kacal a shekara, ya yi na ukun, ya gyara lissafinsa na shekara mai zuwa.

Dawa, ganye na biyu daga sama lokacin da take fitar da kai. Waken suya da wake, ganyen nan mai 'ya'ya uku da ya gama girma kusa da sama, a farkon fure, kamar guda 30, a cire sandar ganyen. Gyaɗa, cikakkun ganyaye na sama guda 40 zuwa 50 a lokacin fure. Shinkafa, sabon ganyen da ya gama buɗewa lokacin da take 'ya'ya. Masu tumatir na rani a fadamun Galma, ganye na uku ko na huɗu daga tsini a farkon fure.

Mataki na huɗu: yadda ake zagaya gonar

Fita da hantsi bayan raɓa ta bushe. Kada ka ɗauki samfur ana tsakiyar fari shuka ta yi yaushi, ko washegarin ruwan da ya kwanta, ko cikin 'yan kwanakin da aka zuba taki ko aka yi feshi. Riƙe wuƙa mai tsafta marar tsatsa da ambulan manya na takarda.

Raba gonar a ranka bisa yadda ka san ta. Jigawa daban, jar ƙasa daban, gangaren da ke kusa da fadama daban, ɓangaren da aka zuba takin gida daban. Kowane ɓangare samfurinsa daban. A cikin kowanne, yi tafiyar karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, kana yankar ganye ɗaya daga shuka ɗaya duk bayan 'yan taku. Tsallake kunyoyin baki, da gindin suri, da inuwar ɗorawa ko gawo, da tsohon mashekarin shanu, da inda aka tara taki ko shara kafin a watsa, da inda aka ƙone kara. Shukar waɗannan wurare ba ta wakiltar gonar. Kada ka ɗauki ganyen da tsutsa ta ci, ko mai cuta, ko wanda ya riga ya mutu.

Idan matsala ce ta kai ka, wato wani ɓangare ya tsumbure wani yana lafiya, to samfur biyu za ka ɗauka: ɗaya daga marar lafiya, ɗaya daga mai lafiya da ke kusa, iri ɗaya, shukar rana ɗaya, ganye iri ɗaya. Daga marar lafiyar ka zaɓi waɗanda alamar ta fara kamawa, ba waɗanda suka gama lalacewa ba. Wannan kwatancen ya fi kowane jadawali amfani, saboda an yi shi a ƙasarka da irinka da ruwan bana. Ka kuma haɗa da ƙasa: a kowane ɓangaren biyu, haƙa wurare kamar goma zuwa zurfin santimita 20, ka gauraya a bokitin roba, ka ɗebi kamar rabin kilo. Ganye zai nuna abin da ya yi ƙaranci, ƙasa za ta nuna dalili.

Mataki na biyar: tsafta, busarwa da rubutu

Ƙura maƙiyiyar wannan aiki ce. Ƙasar da ruwan sama ya fantsama a ganye tana ɗauke da ƙarfe mai yawa, sai sakamako ya nuna abin da babu shi a jikin shukar. Goge kowane ganye da busasshen ƙyalle mai tsafta. Idan ya yi datti sosai, ɗauraye shi da sauri a ruwa mai tsafta tun yana ɗanye, ka girgije. Kada ka jiƙa shi, domin fotash yana fita cikin ruwa.

Kada ka sa ɗanyen ganye a leda. Cikin zafinmu zai yi gumi ya fara ruɓa kafin ka isa Samaru. Kada ka sa shi a tsohon buhun taki, ko takardar siminti, dalilin a bayyane yake. Idan za ka kai a ranar, ambulan ya isa. Idan zai kwana, baza shi a kan takarda mai tsafta a ɗaki mai iska, nesa da hayaƙin murhu da kaji, ka riƙa juyawa. Abin da mutane ke yawan yi, shanya a kan kwanon rufi don ya bushe da wuri, shi ne mafi muni: kwanon an shafe shi da zinki ne, kuma zinki na cikin abin da kake son aunawa.

A bayan kowane ambulan rubuta sunanka, ƙauye, wace gona da wane ɓangare, irin shukar, ranar shuka, ranar yanka, ganyen da ka ɗauka, takin da ka zuba da yawansa da ranarsa, abin da aka noma a wurin bara, da alamar da ka gani. Yi da fensir, biro yana narkewa idan danshi ya taɓa shi. In kana da waya, ɗauki hoton ganyen da na gonar. Wanda zai fassara maka sakamako ba zai iya komai da lambobi tsirara ba.

A ɗakin gwaji za su busar da shi a tanda mai zafin digiri 65 zuwa 70, su niƙa shi ya zama gari, su narkar da shi da sinadarai masu ƙarfi, sannan su auna. Wannan ba aikinka ba ne.

Mataki na shida: karanta sakamakon

Manyan sinadarai za su zo da kashi cikin ɗari, ƙananan kuma da miligiram a kowane kilo na busasshen ganye. Ga ganyen gindin goyon masara lokacin da gashi ya fito, abin da ake ɗauka ya wadatar shi ne naitirojin kimanin kashi 2.7 zuwa 3.5, fosfaros 0.25 zuwa 0.5, fotash 1.7 zuwa 2.5, zinki kuma miligiram 20 zuwa 70. Ƙaramar masara da aka yanke gaba ɗaya tana buƙatar fiye da haka, naitirojinta daga kashi 3.5 zuwa 5. Idan lambarka ta faɗo ƙasa da iyaka sosai, ƙarin wannan sinadarin zai biya kuɗinsa. Idan tana tsakiya, ƙari ba zai ƙara maka buhu ba. Idan tana dab da bakin iyaka, kada ka yi gaggawa, dubi samfurin ɓangare mai lafiya tukuna.

Akwai tarko. Shukar da wani abu ya tsumburar, a ce ƙarancin fosfaros, tana iya nuna naitirojin mai yawa, ba don ta ƙoshi ba, sai don ba ta girma ta yi amfani da shi ba. Ita kuma wadda ta yi saurin girma lambobinta kan ɗan sauka. Dubi naitirojin da salfa tare: idan naitirojin ya ninka salfa fiye da sau 15, salfa ta yi kaɗan, kuma ƙarin yuriya zai ƙara dagula abin ne. Fosfaros da ya yi yawa yana iya danne zinki. Idan ganye ya nuna ƙarancin fosfaros alhali ka zuba kamfa, wato takin da ya haɗa naitirojin da fosfaros da fotash, yadda ya kamata, koma kan awon ƙasa. Ƙasar da aka shekara ana zuba mata yuriya ba takin gida takan yi tsami, idan tsamin ya sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin pH sai ta riƙe fosfaros ta hana shuka. Maganin wannan farar ƙasa ce da takin gida, ba ƙarin kamfa ba. A gyaɗa kuma ganye ba ya faɗin gaskiya game da kalsiyam, domin kwanson yana shan nasa ne kai tsaye daga ƙasar da yake kwance. Ganye na iya nuna wadata a tuge a tarar da kwanso ba ƙwaya.

Mataki na bakwai: mayar da lambobi buhu

Gwajin ganye yana gaya maka wane sinadari ne ya gaza, yawan da za ka zuba kuwa daga awon ƙasa da shawarar yanki yake fitowa. Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ga masara a yankinmu ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaros, 60 na fotash a hekta ɗaya. Buhun kamfa 15:15:15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowanne, don haka buhu takwas ke cika sittin-sittin ɗin. Buhun yuriya yana da kilo 23 na naitirojin, buhu biyu da rabi za su kusan cike sauran. Kamfa 20:10:10 kuwa kilo 10 ne da 5 da 5.

Manoma kaɗan ne ke iya sayen wannan duka, kuma a nan gwajin ke nuna amfaninsa. Idan fotash ya wadata a ganye da ƙasa, naitirojin da fosfaros ne suka gaza, kuɗinka zai fi yin aiki a yuriya da supa, wato takin fosfaros. Supa tana da ƙarin alheri, tana ɗauke da salfa da kalsiyam, abin da yuriya ba ta da shi sam. Idan naitirojin ne kaɗai ya gaza kuma masarar ba ta fitar da kai ba, zuba yuriya yanzu, a rami ɗan nesa da gindi, ƙasa da danshi, ka rufe, domin wadda aka bari a fili iska ke kwashe wani kaso nata. Ƙarancin fosfaros ba ya gyaruwa sosai a tsakiyar damina, shi ana sa shi ne lokacin shuka ko cikin mako biyun farko, don haka rubuta shi a lissafin baɗi. Zinki ana iya fesa shi a ganye, amma karɓi ma'aunin daga malamin gona, domin idan ya yi kauri yana ƙona shuka.

Ga wanda ɗakin gwaji ya yi wa nisa ko tsada

Kana iya sa gonar ta ba ka amsa da kanta, sai dai za ka jira kaka. Zaɓi wuri mai ƙasa iri ɗaya a tsakiyar gona, ka yanka fili biyar, kowanne kunya shida mai tsawon taku goma, ka kafa turaku. Na farko kada ka sa masa komai. Na biyu yuriya kaɗai. Na uku yuriya da supa. Na huɗu kamfa da yuriya yadda aka saba. Na biyar kamfa da yuriya da takin gida. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya, kuma ka ja kunnen masu yi maka aiki kada wani ya ji tausayin fili na farko ya watsa masa taki. Ranar girbi bar kunyoyin gefe, ka cire huɗun tsakiya na kowane fili daban, ka busar, ka ɓare, ka auna da tiya ɗaya ko sikeli. Tazarar na farko da na biyu aikin naitirojin ne. Tazarar na biyu da na uku aikin fosfaros ne tare da salfar da ke cikin supa. Idan na huɗu bai fi na uku ba, fotash ba shi ne damuwar gonarka ba a yanzu. Idan na biyar ya zarce na huɗu da nisa, ƙasar tana neman abin da babu shi a buhu, sai ka fara tanadin kashin shanu da na kaji tun da rani. Rubuta awon a littafi tare da ranar shuka da yadda ruwa ya kasance, ka maimaita a wuri ɗaya baɗi, domin shekarar da aka yi fari a Agusta tana iya ɓoye bambancin da shekara mai ruwa za ta nuna.